Aiki a kamfanin magunguna: Riba da haɗari ga matasan Zamfara

Ga matashin da ya karanta ilimin haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, samun aiki a kamfanin magunguna abu ne da ake yi wa murna. To amma a jihar Zamfara, wannan aiki yana da wata fuska ta daban.

Galibin manyan masana'antun magunguna na Nijeriya, irin su Emzor da Fidson da May & Baker, suna jihohin Lagos da Ogun ne. Saboda haka aikin da ke isowa Gusau yawanci na wakilci ne: tallata magani ga asibitoci da shagunan magani, da karɓo kuɗin kamfani.

Alfanun aikin a fili yake. Baya ga albashi, kamfanoni da dama na bai wa wakili mota da kuɗin mai, da kuma kamasho idan ciniki ya yi kyau. Yana kuma samun horo da sanayya da likitoci, abin da kan taimaka masa idan ya tashi buɗe shagon kansa.

Sai dai kamfani kan yanka wa wakili adadin cinikin da zai kawo kowane wata, ba tare da la'akari da halin hanya ba. Wakilin da ke Gusau dole ya bi hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, ko ta Bunguɗu zuwa Talatar Mafara, hanyoyin da 'yan bindiga suka sha tare matafiya a kansu. A watan Satumban 2021 ma an katse layukan wayar salula a jihar baki ɗaya, lamarin da ya yanke hulɗar 'yan kasuwa da abokan cinikinsu na tsawon makonni.

Matsin lambar ciniki na iya jefa mutum cikin halaka. A shekarar 2018, wani binciken BBC ya nuna yadda wasu ma'aikatan kamfanoni ke sayar da maganin tari mai kodin ta bayan fage. Gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi, hukumar NAFDAC kuma ta rufe masana'antu uku na wani ɗan lokaci.

Akwai kuma batun yarda. Har yanzu ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 ba, inda yara 11 suka rasu. Wakili ne ke fuskantar irin wannan shakku ido da ido.

Shi kansa aikin ba shi da tabbas. A 2023, bayan faɗuwar darajar naira, kamfanonin GlaxoSmithKline da Sanofi sun sanar da daina gudanar da harkokinsu kai tsaye a Nijeriya. A shekarar 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan umurnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna, domin ƙarfafa masana'antun cikin gida.

Abin jira a gani shi ne ko wannan mataki zai jawo masu zuba jari zuwa arewa maso yamma. Muddin tsaro da wutar lantarki ba su inganta ba, rabon ɗan Zamfara a wannan sana'a zai ci gaba da kasancewa a kan hanya, ba a cikin masana'anta ba.