Rassan tara kifi: a kududdufinka za ka kafa su, ba a dam ɗin gari ba



Bidiyon Amurkawa masu nutsar da rassan itace a tafki ya cika wayoyinmu. Za ka ga mutum ya ɗaure reshe a jikin bulo, ko ya cika bokiti da siminti ya caccaka sanduna, ya ɗora a jirgin ruwa ya je ya sake. A can har itatuwan adon Kirsimeti ake tattarawa bayan biki a nutsar. Bayan wani lokaci sai ya dawo da ƙugiyarsa yana ta jawo kifi. Matasan da tsadar abincin kifi ta hana su farawa sun gani, sun ce shi ke nan, ga Tiga, ga Zobe, ga Goronyo, me ake jira?

Ni dai ra'ayina, dabarar gaskiya ce, tana aiki. Amma in kai ƙaramin mai kiwo ne, wurinta shi ne ruwan da kake da iko da shi.

Bari mu fara da abin da reshe ke yi a ruwa. Duk icen da ya kwana biyu a ruwan da rana ke ratsawa, za ka ji ya yi santsi. Wannan santsin gansakuka ce da ƙananan halittu da ƙwari, kuma abinci ne. Karfasa kiwonsa take yi kamar yadda akuya ke kiwon ciyawa. Na biyu, 'ya'yan kifi na samun maɓoya daga tsuntsaye da manyan kifaye, iyaye kuma na samun wurin hayayyafa. To lura da wannan: a watannin farko rassan ba su ƙara kifi ko ɗaya a tafki ba, tara wanda ke nan kawai suka yi. Sai an bar su sun daɗe, kifi ya ci ya girma ya haihu a ciki, sannan za a ce an samu ƙari. Shi Ba'amurken nan tarawar yake so, domin nishaɗi ya fita yi. Kai kuwa sana'a kake nema.

Kuma ba sai mun je Amurka koyo ba. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin sun gaji wannan sana'a kaka da kakanni a tafkin Nokoué, inda garin Ganvié yake zaune a kan ruwa. Sunanta akaja. Ba tsibi ɗaya suke jefawa ba, dubban rassa suke kafawa a laka a ruwa marar zurfi, kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, har wurin ya zama gona. In lokacin girbi ya yi, watanni shida ko shekara, sai a zagaye da taru, a tumɓuke rassan, a kwashe kifin. Tun a 1972 wani masanin kifi, Robin Welcomme, ya wallafa bincike a kan akaja, kuma abin da ya gani shi ne yawan kifin na bin yawan rassan da aka kafa da kuma daɗewar da suka yi kafin girbi. Yawancin abin da ake kamawa dangin karfasa ne.

Sai dai ku ji ƙarshen labarin. Da akaja ta yi riba, mai kuɗi ya killace ruwa mai yawa, talakan masunci mai birgi ya rasa inda zai jefa. Ruɓaɓɓun rassa suka taru a ƙasa, laka ta ƙaru, aka kuma yi ta saran daji don samun sabon ice kowace shekara. A tafkin Ahémé rigima ta kai har hukuma ta hana, kuma dokar kamun kifi ta ƙasar ta 2014 ta sa akaja cikin abubuwan da aka haramta, duk da cewa mutane ba su daina ba. Ƙasar da ta fi kowa sanin daɗin abin ke nan fa.

Yanzu kawo hankalinka gida. Dam ɗinmu ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai masunta da suka gaji wurin, akwai sarkin ruwa, akwai hukumar da ke kula da shi, kamar yadda Tiga da Challawa ke ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Ka je da daddare ka nutsar da rassa, gobe wani ya shimfiɗa kalli ya yage, wa zai biya shi? In kifin ya taru kuma, da wace hujja za ka ce naka ne? Kai ka yi wahala, mai kwalekwalen da ya riga ka tashi ya kwashe. Ga kuma ruwan dam ɗinmu da ke ja da baya sosai da rani saboda noman rani: abin da ka nutsar a Satumba yana iya zama a tudu a Afrilu. In ka ce bari ka kai shi can tsakiya mai zurfi, rana ba ta kaiwa, gansakuka ba za ta fito ba, iskar da kifi ke shaƙa ma ta yi ƙaranci. Ga uwa uba ƙarancin itace. Mu da hamada ke bin mu, ba za mu sari ɗanyar bishiya mu kai wa kifi ba.

Amma a kududdufin ƙasa naka, ko tsohon ramin bulo da ka karɓi haya yana riƙe ruwa, lissafin ya juya. Kifin naka ne, abincin da ya fito a jikin sanda nasa ne shi kaɗai. Masu bincike a Bangladesh sun yi shekaru suna gwada kafa gora a kududdufi, a Kwaddibuwa ma an gwada akajar gora a cikin killataccen ruwa, kuma an ga kifi masu kiwon gansakuka na ƙara yawa. Yadda zan ba da shawara: sami gora ko busassun rassan da aka sassabe, marasa ganye, ka kafa su a tsaye a laka, kansu ya ɗan leƙo sama. Fara da kusurwa ɗaya, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kududdufin, ka bar fili inda za ka riƙa ba da abinci da jan taru. Mai kaji ya ci riba biyu a nan, domin busasshen kashin kaji kaɗan a buhu, a jiƙa shi a gefe, shi ke sa ruwa ya yi kore, santsin ya yi kauri. Kaɗan na ce. In da asuba ka ga kifi sun taso suna haki a saman ruwa, takin ya yi yawa, cire buhun ka ƙara sabon ruwa. Wata fa'idar da ba a cika faɗi ba, ɓarawo mai birgi ba ya son kududdufi mai sanduna.

Ba kowane ice ba ne fa. Ɗanyen reshe mai ganye yana ruɓewa ya cinye iskar ruwan. Aduwa, magimfa, tinya da makuba, duk da su ake sa wa kifi guba tun da, kada su kusanci ruwanka. Dogon yaro ma ni ba na sa shi. Karan dawa kuwa bai daɗewa zai narke. Sannan dodon koɗi na son maƙalewa a rassa, wasunsu kuma su ke ɗauke da tsargiya, don haka a sa takalmin roba mai tsawo, a hana yara wanka a wurin.

Masu tarwaɗa a tankin roba ko na siminti, wannan ba taku ba ce. Tarwaɗa ba gansakuka take kiwo ba, sanda a tanki sai dai ta kuje mata jiki ta hana ku wanki da tantancewa. Kuɗin abincinku na nan daram. Wannan harka ta mai karfasa ce a ruwan ƙasa, shi ma rage masa sayen abinci za ta yi, ba ta ɗauke shi gaba ɗaya ba.

Wanda kuma ya ce shi lallai dam yake so, to ya fara da ƙofar sarkin ruwa da ofishin kifi na jiharsa, ba da gatari ba. A yi shi da sunan ƙungiyar masunta, a zaɓi lungu ɗaya nesa da hanyar kwalekwale da bakin magudanar dam, a kafa alamar da kowa zai gani, a amince ba mai kamu a ciki sai ranar da aka sa, a kuma rubuta yadda za a raba kifin tun kafin reshen farko ya taɓa ruwa.