Layin Da Kifi Bai San Da Shi Ba

A farkon shekarun 1980, hukumar ICCAT mai kula da kamun kifin tuna a Tekun Atlantika ta ja layi a kan taswira, daidai digiri 45 yamma, ta raba tekun gida biyu. Hujjarta ita ce tuna nau'in bulufin zuriya biyu ne: ɗaya na zuba ƙwai a Mashigin Tekun Meksiko, ɗayan a Bahar Rum. Kowane ɓangare aka yanka masa adadin da zai kama, tamkar kifin zai tsaya inda aka ajiye shi.

Abin da ya fallasa raunin wannan tsari wata 'yar na'ura ce da ake maƙala wa kifi a gadon baya. Da yake saƙon rediyo ba ya ratsa ruwan gishiri, na'urar tana tara bayanan zurfi da ɗumin ruwa da hasken rana a cikinta. Idan ranar da aka tsara ta cika, sai ta saki kifin, ta taso saman ruwa, ta aika wa tauraron ɗan'adam abin da ta tara. Daga lokutan fitowar rana da faɗuwarta masana ke ƙiyasta inda kifin ya bi.

A 2005, Barbara Block ta Jami'ar Stanford da abokan aikinta suka wallafa sakamakon irin wannan bibiya a mujallar Nature. Zuriyoyin biyu suna rabuwa wajen haihuwa, amma suna cuɗanya wajen kiwo. Kifin da aka sa wa na'ura a gaɓar Amurka yakan tsallake layin zuwa gabas, na Bahar Rum kuma yakan yi kiwo a yamma.

Illar wannan cuɗanya kashi biyu ce. Zuriyar yamma ita ce ƙarama, don haka duk kifinta da ya tsallaka gabas ya faɗa yankin da aka halatta kamu mai yawa. Sannan baƙin kifin gabas da ke yamma suna sa a ɗauka zuriyar yamma ta fi yadda take yawa. Ke nan lissafin da aka gina doka a kansa ya karkace tun daga tushe.

Masu shakka suna da abin faɗi. Na'urar tana da tsada, kifayen da ake bibiya kaɗan ne, kuma taswirar da ke nuna inda kifi ke taruwa tana iya amfanar jiragen kamu kamar yadda take amfanar masu kare shi. Wannan dalili ne na ƙara bincike da tsare bayanai. Amma rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba a taɓa ceton kifi da jahiltar hanyarsa ba.

Sai a 2022 ICCAT ta amince da tsarin ƙayyade kamu da ke lissafa cuɗanyar zuriyoyin biyu, shekara 17 bayan hujja ta bayyana. Nijeriya da Ghana mambobin wannan hukuma ne, kuma Mashigin Tekun Gini mahaifar wasu nau'o'in tuna ce masu ratsa teku. Wakilansu na da haƙƙin nacewa a daina barin doka tana jan ƙafa shekaru bayan ilimi ya wuce.