Daga Ɗakin Aji: Sunan Zagi, A Bakin Wa Yake?

A watan jiya wani abu ya faru a makarantarmu wanda ya sa muka ga ya kamata mu zanta da ku. Lokacin tara, yara suna wasa a fili, sai muka ji kuka. Da muka isa, muka tarar da wani yaro ɗan aji biyar, mai sanyin murya, wanda ba ya son ƙwallo, yana share hawaye. 'Yan ajinsu sun kewaye shi suna jifansa da wata kalmar Turanci da suka tsinta a wayar yayyensu, sa'an nan suka fassara masa da Hausa, wai ɗan daudu. Muka kira jagoransu muka tambaye shi, sai ya ce, "Malam, ai ba zagi ba ne. Masu abin ma haka suke kiran kansu."

Yaron nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma rabin labari ya ji. Kalmar ita ce "queer", asalin ma'anarta kuwa bambarakwai. Shekaru da yawa a Ingila da Amurka da ita ake zagin maza masu neman maza da mata masu neman mata, sau da dama ma har da duka. A shekarar 1990, sa'ad da cutar ƙanjamau take kashe su da yawa, ana kuma tare su a tituna ana yi musu rauni, waɗansunsu a birnin Niyu Yok suka kafa ƙungiya mai suna Queer Nation. Suka ɗauki kalmar da gangan, suka rarraba takarda suna bayyana dalili. Nufinsu shi ne, in sun riga sun kira kansu da ita, to sun kakkarya sandan da ake dukansu da shi. Yau har a jami'o'in can akwai darussa masu wannan suna.

Amma fa su kansu ba su zama baki ɗaya ba. Da yawa cikin dattawansu, waɗanda suka ji kalmar a ranar da aka fasa musu baki ko aka kore su daga aiki, sun ce ba su so, ko daga ɗan'uwansu ne. Samarinsu kuwa suna cewa kalmar ta zama tasu. Gardamar ta kai har gaban hukuma. Akwai ƙungiyar mata mahaya babur a San Faransisko, tun 1976, waɗanda suka sa wa kansu wani sunan zagi irin wannan. Ofishin rajistar sunayen ciniki na Amurka ya ƙi yi musu rajista, ya ce sunan cin mutunci ne, sai a 2007 suka samu. A 2017 kuma, cikin shari'ar waɗansu mawaƙa 'yan asalin Asiya da suka yi irin wannan da sunan da ake zagin kabilarsu, Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke dokar da ta hana rajistar irin waɗannan sunaye. Kotu ta raba gardamar takarda ke nan, amma ba ta ce kalmar ta daina ciwo ba.

Mu Kirista bai kamata wannan al'amari ya zama mana baƙo ba. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 11, ya nuna a Antakiya aka fara kiran almajirai Kirista, masana da yawa kuwa suna ganin mutanen gari ne suka laƙaba musu. A 1650 wani alƙali a garin Dabi na Ingila ya yi wa George Fox da mutanensa ba'a da suna Kweka, watau masu rawar jiki, sunan kuma ya bi su har yau. Haka 'yan makarantar Oksfod suka yi wa John Wesley da abokansa dariya da suna Metodis, saboda tsarin da suke bi a addu'a da karatu. Duka waɗannan sun karɓi sunan, suka ɗauke shi da kansu. Ba maƙiyansu ne suka yanke cewa ya daina zafi ba.

Ko a gida ma mun san wannan. Taubasai suna faɗa wa juna baƙar magana su yi dariya, haka Bafulatani da Babarbare. Bari dai baƙo ya ari maganar nan ya yaɓa wa ɗayansu, za a ga ta canja kama nan da nan. Wane ne kuma a cikinmu bai taɓa jin an ce masa arne ba, a kasuwa ko a mota? Mun san yadda zuciya take yi a wannan lokaci. In wani saurayinmu ya faɗe ta da wasa ga abokinsa, wannan bai ba mai ƙinmu izini ba.

Abin da ikilisiyoyinmu suke koyarwa game da aure kowa ya sani, ba shi ne zancenmu na yau ba. Zancenmu shi ne bakin 'ya'yanmu. Yaron da aka zaga a filinmu shekararsa goma sha ɗaya, bai san kome game da gardamar Amurka ba. Abin da ya sani shi ne an ware shi, kwana uku kuma bai zo makaranta ba, sai da muka je gidansu. Magana zarar bunu ce.

Saboda haka muna roƙonku iyaye, ku saurari sunayen da yara suke kiran juna da su a tsakar gida. In yaro ya kawo kalma daga waya, ku tambaye shi ma'anarta, da wanda ya faɗa wa, da abin da ya nufa. Ku koya masa ya kira kowane mutum da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Mu ma manya mu duba namu bakin, gama yawancin zagin da muke ji a aji, a gida aka koye shi.

Jagoran yaran nan ya nemi gafara a gaban aji, yanzu kuwa benci ɗaya muka zaunar da su. Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu. Sai wata mai zuwa.