Tulu mai yoyo ba ya cika

Akwai wata magana da ta yi kaka-gida a bakin wasu masu ilimin ƙasarmu: wai yoyon metan a rijiyoyin man fetur damuwar Turawa ce, talaka ba ruwansa. Wannan magana ragwanci ce da aka naɗa wa rawanin kishin ƙasa.

Metan shi ne mafi yawan abin da ke cikin gaz na ƙarƙashin ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da wari. Yana sulalewa ta mahaɗin bututu, ta famfon da ya saki, ta bakin tanki. Cikin shekara 20 yana riƙe zafi kimanin sau 80 fiye da iskar karbon, amma bai cika wuce shekara 12 a sama ba. Wanda ya toshe yoyo yau, shi zai ga amfanin da idonsa.

Sukan ce aikin yana da tsada. Ina tsadar? Kamara mai ganin abin da ido ba ya gani tana nuna yoyon kamar hayaƙi, gyaran kuwa sau da yawa ɗaure ƙusa ne ko sauya roba. A 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da labarin wani yoyo da ya shekara da shekaru a Aljeriya, aka toshe shi bayan tauraron ɗan Adam ya tona shi. Amma a rahoton shekarar 2024, cikin sanarwa sama da 1200 da aka aika wa gwamnatoci da kamfanoni, kashi 1 cikin 100 kaɗai suka sami amsa. Ashe ba na'ura aka rasa ba, niyya aka rasa.

Mu ma muna cikin masu rijiya. Tun 2011 man Agadem yake gangarowa matatar Damagaram, a 2024 kuma ya fara fita ta bututun Benin mai tsawon kusan kilomita 2000. Ƙasar da ta kwana cikin duhu a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mata lantarki, ba ta da gaz ɗin da za ta bar wa iska.

Saboda haka a kafa doka: a riƙa auna kowace rijiya da kowane bututu, a buga sakamakon da Faransanci da harsunan ƙasa, a sa wa gyara wa'adi. Malamai, ku kai zancen cikin aji. Ƙungiyoyi, ku tambayi hukuma alƙaluma. Dukiyar ta ƴaƴanmu ce, zafin kuma gonakinmu yake ƙonawa.