Kwanon Kirsimeti da Haƙƙin Maƙwabci a Ƙasar Arewa

Da zarar damman hatsi sun shiga rumbu, buji ya turnuƙe fadamar Dallol Mawri, ƙasar Arewa kan shiga watanninta na walwala. Masu garka suna bakin rijiya suna ban ruwan dankalin turawa, ƴan kokawa sun fara motsa jiki, kowace unguwa da ɗaurin aurenta. A cikin waɗannan makonni Nijar ke bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, bayan mako guda a yi hutun Kirsimeti, sai kuma na sabuwar shekara. A cikinsu ne kuma tsohuwar gardama ke dawowa majalisun shayi da wayoyin hannu, daga Dogon Dutsi har Tibiri: ya halatta Musulmi ya yi wa maƙwabcinsa Kirista barka? In an aiko da kwanon shinkafa, a karɓa ko a mayar?

Kiristan da ake magana a kansu ƴan ƙalilan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin ɗari na ƴan Nijar Musulmi ne, Kirista ba su kai kashi ɗaya ba. A Dogon Dutsi akwai mishan ɗin Katolika tun shekarun 1940, kuma kamar yadda aka sani a duk faɗin ƙasar, yawancin yaran da ke zaune a azuzuwan makarantun mishan ƴaƴan Musulmi ne. Babu mai hankalin da zai ce wannan ƴar jama'a barazana ce ga addinin kowa.

Malamai sun saɓa a kan taya murna, kuma saɓanin na ilimi ne. Ibnul Ƙayyim ya hana, Shehu Ibn Usaimin na Saudiyya ya bi sawunsa, bisa hujjar cewa taya murnar bikin addini amincewa ce da aƙidar da ke cikinsa. Majalisar fatawa ta Masar da marigayi Yusuf Ƙardawi sun halatta, suna kafa hujja da aya ta 8 a suratul Mumtahana, wadda ta yi maganar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba. Batun abinci ya fi sauƙi, domin aya ta 5 a suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, ko da yake wasu na ware abin da aka dafa domin bikin kansa. Wanda ya bi fatawar hani yana da madogara, bai kamata a laƙaba masa tsattsauran ra'ayi don ya kame bakinsa ba.

Amma kame baki daban, wulaƙanci daban. A dubi yadda abin ke faruwa a ƙofar gida. Yarinya ce ƴar shekara tara ko goma, da sabon ɗinki, ɗauke da langa an rufe da faifai, shinkafa da miya da tsokar kaza biyu a sama. Sau da yawa ubanta ya riga ya kira Musulmi ya yanka kazar tun da safe, don dai maƙwabta su ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Ta yi sallama ta durƙusa. In uwar gida ta ce, "Sannu ƴata, ki gaida mamanki, Allah ya bar zumunci," ta juye ta wanke kwanon, babu wanda zai bi ta ɗaki ya ga ko ta ci ko ta ba wani. In kuwa aka kore ta da kwanonta a gaban yaran unguwa, babu littafin fiƙihun da ya yi umarni da haka, kuma yarinyar za ta girma da wannan ranar a zuciyarta. Wannan gidan fa shi ne ya karɓi naman layya da hannu biyu a babbar sallar da ta wuce.

Sai dai a Arewa gardamar Kirsimeti ita ce mai sauƙin. Akwai maƙwabci na uku da ba a cika ambatonsa a tarukan zaman lafiya ba, wato azna, masu bin addinin kakanni. Tarihin baka na ƙasar ya ce Gubawa ne suka fara zama, suka riƙe al'amuran ƙasa da iskoki a hannun Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, daga baya Arawa, masu jingina asalinsu ga Borno, suka riƙe sarauta a Matankari. Ƙasar ta ginu ne a kan wannan rabon aiki tsakanin ɓangarori biyu. A Lugu har yau gawar Sarauniya ce ake ɗauka ta nuna magajiyarta, a al'adar tarkama, kuma ana kai ƙara gaban dutsen Tunguma. Bayan girbi kuma akwai buɗin daji, wanda ke ba mahalba izinin shiga farauta.

Daga Lugu ne Sarauniyar lokacin ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, lokacin da garuruwa da dama suka riga suka zama toka a hannunsu. Nijar na alfahari da wannan tarihi. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kai a 1980, fim ɗin Med Hondo ya ci babbar kyautar Fespako a Wagadugu a 1987, gwamnati ta saka Lugu a jerin wuraren da take nema wa rajistar Unesko a 2006. Abin ciwo shi ne a yi tinƙaho da Sarauniya a littafin makaranta, jikokinta kuma su zama abin nuni da baki a kasuwa. Kirista na da bishop da ƙungiyoyin waje da za su ɗaga murya in an taɓa shi. Azna ba su da kowa.

Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi a 1988, ta raɗa wa littafinta na 2001 suna daga kukan ƴan bori cewa salla ta ɓata komai. A littafinta na 2009 ta bi yadda zuwan Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, ya raba kan Musulmin garin su kansu a kan maulidi, sadakar mamaci da hidimar biki. Wa'azin ya kawo gyara na gaske, musamman wajen rage almubazzarancin aure da tura mata karatu. Amma ya kuma nuna cewa tsarin yanke hulɗa ba ya tsayawa a ƙofar majami'a. Wanda ya saba ƙin gaisawa da Kirista a Disamba, da wuya ya ƙi ƙaurace wa ɗan ɗariƙa a watan maulidi.

Filin kokawa ya nuna mutane sun iya zama tare in sun ga dama. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, ɗan kokawa kan shigo fili da layu a damtse, ya zuba wani abu a ƙasa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Lokacin da Issaka Issaka ke kawo wa jihar Dosso takobi, babu wanda ya tambayi na kusa da shi addininsa kafin su rungumi juna.

Nijar ta kuma ga ɗaya fuskar. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanga-zangar ƙin zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. Mutum goma suka mutu, ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. Fushin kan zanen yana da dalili, amma waɗanda aka ƙona wa ɗakunan ibada ba su zana komai ba. Irin wannan wuta kan samu wurin kamawa ne inda aka daɗe ana koya wa matasa cewa maƙwabcinsu baƙo ne.

Ba a neman kowa ya shiga majami'a, kamar yadda wasu Musulmin Kaduna ke halartar taron Kirsimeti na Fasto Yohanna Buru kowace shekara. Wannan zaɓinsu ne. Ba a kuma neman malami ya ce tsafi daidai ne. Abin da ake nema ya fi haka ƙanƙanta. Mai wa'azin da zai karanta fatawar hani a gidan rediyo ya faɗi cewa akwai manyan malamai da suka halatta, ya haɗa da hadisan haƙƙin maƙwabci a zama guda. Sarkin Arewa da Kona na Dogon Dutsi da Samnan Tibiri, waɗanda sarautunsu suka girmi wannan gardama, su riƙa aika wakili ya gaida Kirista ranar bikinsu. In kuma hukuma ta kira taron tattaunawar addinai a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, a aika goron gayyata Lugu da Bagaji kamar yadda ake aika wa limamai da fastoci.