Ki Bar Inna Ta Ba Da Labarinta

Zancenmu na wannan wata a kan tsofaffinmu mata ne da ke zaune su kaɗai: maigida ya rasu, 'ya'ya sun watse, sai dai a aiko da kuɗin cefane a buga waya ta minti biyu. Wataƙila mahaifiyarki ce, ko surukarki. Kin je gaishe ta, ta ɗauko labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji, wanda kin ji ya fi sau ashirin, sai ki ce, "Inna, ai kin sha faɗa mana." To 'yar'uwa, wannan labarin da kike katsewa, a wasu ƙasashe ma'aikatan jinya zama suke yi musamman su jawo shi, domin hanya ce ta kula da lafiyar tsoho.

A da likitoci ma kallon rikicewar tsufa suke yi wa wannan ɗabi'a. Sai a 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Robert Butler, ya rubuta cewa waiwayen rayuwa abu ne da tsoho yake buƙata don ya daidaita da abin da ya wuce masa. Tun kafin shi, a 1881, Bafaranshe Théodule Ribot ya lura cewa idan mantuwa ta zo, sabon abu take fara ɗauka, tsoho ya daɗe. Shi ya sa Inna za ta manta inda ta ajiye carbinta ɗazu, amma ta lissafa miki ƙawayen amarcinta ɗaya bayan ɗaya. Masana sun kuma gano cewa abin da mutum ya fi riƙewa shi ne na tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Ga mai shekara saba'in a yau, wannan ya haɗa da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, da farin da aka yi a wannan lokaci, da shigar yara makarantar UPE a 1976. Nan ne rumbunta yake cike.

A Koriya ta Kudu an gwada wannan hanya a kan tsofaffin mata masu zaman kaɗaici, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna sun ƙara amincewa da tunaninsu, sun kuma fi jin daɗin rayuwa. A 2018 ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike 22 a kan masu cutar mantuwa, ta samu amfani a wajen magana da walwala, amma ɗan kaɗan ne. Saboda haka kada wani ya ce miki tana warkar da cutar. Ba ta warkarwa.

Ki ware rana guda a mako, awa ɗaya ta isa, wayarki tana cikin jaka. Kada ki je hannu rabbana: tsohon hoto, ko kwanon samira na jerenta, ko ƙullin daddawa, domin ƙamshi yana saurin buɗe tunani. Ki miƙa mata, ki ce, "Inna, yaya ake jeren amarya a zamaninku?" Sai ki yi shiru. Abin da ya fi ɓata wannan zama shi ne jarrabawa, irin su "Kin gane wannan? Wace shekara ce?" Idan ta kasa sai kunya ta kama ta, ta rufe baki. In ta sauya sunan gari ko ta haɗa shekaru, ƙyale ta, ba kotu kuke ba. Ki riƙa zuwa da jikoki su ji, in ta yarda a ɗauki muryarta.

Ba kowane tuni ne mai daɗi ba. Akwai 'ya'yan da ta binne, akwai zaman kishi. In hawaye ya zo kada ki yi saurin sauya zance, ki riƙe hannunta, ku yi wa mamatan addu'a. Amma in kin ga kullum zance ɗaya mai ciwo take komawa, ta daina cin abinci, ba ta barci, ko tana barin tukunya a wuta, ko tana ɓata a hanyar da ta saba, wannan ya wuce hira. A kai ta asibiti likita ya duba ta.