Garin da ya haska Faransa ya kasa ajiye finafinansa

'Yan uwa matasa, ga ƙalubale. Ku zagaya Arlit da Akokan, ku shiga kasuwa shago-shago, ku nemo mini faifan "Arlit, deuxième Paris", fim ɗin da Idrissou Mora-Kpai ɗan ƙasar Benin ya yi a kan garin nan a 2005. In kun rasa, ku nemo "La Colère dans le vent" na Amina Weira, ɗiyar ma'aikacin ma'adinai, wanda ya fito a 2016. Titunanmu ne a ciki, iyayenmu ne ke magana, ƙurarmu ce ke tashi. An nuna su a bukukuwan finafinai na ƙasashen waje, an tafa. Amma mu da aka ɗauka, ya fi mana sauƙi mu samu fim ɗin Indiya na bara da mu samu namu.

Da ka tada maganar, amsa ɗaya ce: ai babu kuɗi, gari ya mutu. Na yarda talauci ne silar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a maida shi uzurin yin shiru. Bari mu bi abin daki-daki mu ga yadda rashin kuɗi ke cinye finafinai, sannan mu ga wa ke da alhakin tare shi.

SOMAÏR ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978. Albashin ƙarshen wata shi ya kawo tele da bidiyo cikin gidaje, ya cika kabad da kaset-kaset: na Indiya, na 'yan karate, daga baya na Hausa, bayan "Turmin Danya" ya buɗe hanya a Kano a 1990. Su "Sangaya" da "Wasila" sun biyo motocin Maraɗi da Damagaram, sun ratsa Agadez sun iso mana. A gefensu akwai waɗanda suka fi su daraja: kaset ɗin biki da na suna, na Bianou, na taron Ingall, na kokowar takobi da aka naɗa daga tele. Ba wanda ya kira kabad ɗin nan gidan tarihi, amma a garin da bai kai shekara 60 da kafuwa ba, shi ne gidan tarihin da muke da shi.

Sai aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na ƙananan kamfanonin da ke ci a ƙarƙashinta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya zo, iyakar Benin ta rufe, a ƙarshen Oktoba 2024 aka sanar da tsayar da aiki a SOMAÏR. Kowa ya san jerin da gida ke bi in albashi ya yanke. Abin da ba a ci shi ake fara sayarwa. Iyalin da za su koma kudu katifa da tukwane suke ɗaurawa a mota, kwalin kaset a bar shi a zaure. Samarin da ya kamata su gaji kabad ɗin sun tafi neman zinariya Tchibarakaten da Djado. Na ga kwalin wani dattijon unguwarmu, tarin fiye da shekara ashirin, yara na jan zaren kaset ɗin suna wasa da shi a kan hanya.

Wanda ma ya riƙe nasa, lokaci ba ya tare da shi. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura, mu kuwa zafinmu ya wuce digiri 40 ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyo mai kaset, ya daina tun 2016. Ke nan duk bidiyon da ta mutu yau ta mutu ke nan, sai dai a ciro kayan wata a gyara wata. Faifan CD da aka kwafa a shago shi ma ba ya daɗewa, ya karce ko ya ƙi tashi.

Ta ɓangaren kasuwa kuma abin ya fi muni. Da aljihu ya bushe sai muka koma wajen masu turi: 'yan daloli kaɗan a cika maka katin memori. Ban ga laifin mai turi ba, abincinsa yake nema. Amma ko tamma ɗaya daga kuɗin nan ba ta komawa ga wanda ya yi fim ɗin. Haka kasuwar faifai ta durƙushe a Kano, masu shirya finafinai suka koma yin masu dogon zango a YouTube. To wa zai kashe kuɗinsa ya nemo asalin tsohon fim, ya gyara hoto da sauti, ya sake fitar da shi, alhali ya san washegari zai tarar da shi a kowace salula kyauta? Tunda babu mai saye ba a sake fitarwa, yaro ya tashi bai san fim ɗin ba, balle ya neme shi. Kuma kar wani ya ce mini ai komai na intanet. Mai tasha na iya goge ta gobe, kallon na cin kuɗi, katin memori kuwa in ya cika, tsohon abu ake fara gogewa.

Yanzu ku dubi manyan finafinan ƙasar nan. Oumarou Ganda ya kai "Cabascabo" bikin Cannes a 1969. "Le Wazzou polygame" nasa shi ya ci kyautar Étalon de Yennenga ta farko a FESPACO a 1972. Moustapha Alassane ya yi "Le Retour d'un aventurier" a 1966, ya yi "FVVA" a 1972. Zalika Souley, wadda ta fito a finafinansu, ta rasu a 2021. A 2017 gidan MoMA na birnin New York ya shirya nunin ayyukan Moustapha Alassane na musamman. Ku tambayi ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Arlit, nawa ne cikinsu suka taɓa ganin ko minti biyar na aikinsa?

Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba. "Shaihu Umar" na Adamu Halilu, fim ɗin Hausa na 1976, an ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka tarar da gwangwanayensa. A ina aka gyara shi? Da hannun cibiyar Arsenal ta Berlin, kuma a bikin Berlin aka nuna shi a 2018. Ba na zagin masu gyara, sun yi aikin da mu ba mu yi ba. Amma ku lura da hanyar: a haƙo a nan, a sarrafa a can, a more a can. Mutumin Arlit ya san hanyar nan, ita yuraniyom ɗinmu ta bi shekara da shekaru.

Masu cewa "ciki ne gaba, fim wasa ne", ga amsata. Ganda da Alassane sun yi finafinansu na farko tun kafin buhun yuraniyom ɗaya ya bar ƙasar nan. Nijar ta wancan lokaci ba ta fi ta yau kuɗi ba. Na biyu, a garin nan fim shaida ne. COMINAK ta tafi ta bar tarin shara mai guba kusan tan miliyan 20 a gefen gari. Finafinan nan biyu da na ambata sun naɗi muryar tsofaffin ma'aikata suna faɗin ciwonsu da bakinsu. Tsarar nan kullum raguwa take. Ranar da za a zauna lissafin wa ya ci, wa ya cutu, wa zai biya, da me za mu je? Da "an ce"? Wanda ya bar shaidarsa ta ruɓe a zaure ya yafe shari'arsa tun ba a shiga kotu ba.

Ga hukuma kuma. An canza wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai suna, ta koma Moustapha Alassane. Madalla. A Yuni 2025 an maida SOMAÏR hannun ƙasa. Amma canza allo aikin yini ɗaya ne. Mutumin da ya riƙa yawo da majigi ƙauye-ƙauye yana nuna wa talakawa fim, girmama shi shi ne a kai finafinansa inda talakawa suke. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ma'adinai ke shigarwa. Wannan haƙƙinmu ne, kuma abin da nake nema a ciki bai kai kuɗin motar shugaba ɗaya ba.

Na ɗaya, ma'aikatar magajin garin Arlit ta ba da ɗaki ɗaya, bidiyo mai aiki, kwamfuta da na'urar juyar da kaset, da ma'ajiya biyu, ɗaya a nan ɗaya a Agadez. Kowa ya kawo nasa a juya masa, a maida masa abinsa. Bidiyon bikin iyali kuwa, musamman na mata, ba mai nuna shi sai da yardar masu shi.

Na biyu, hukumar finafinai ta ƙasa, CNCN, ta nemo kwafin duk fim ɗin Nijar da aka gyara a waje, da izinin nuna shi a makarantu da dandali. A fassara su da Hausa da Tamashek. In har ana fassara finafinan Indiya da Hausa kowane mako, "Cabascabo" bai fi ƙarfinmu ba.

Na uku, a ja masu turi a jika. Su ne sinimar yau. A ba su kwafi mai kyau na halal, su tura a farashin da talaka zai iya, a cire kason mai fim ko magadansa.

Na huɗu namu ne, kuma ba ya jiran kowa. A makon nan ku shiga ɗakin ajiya na gidanku. In kun tarar da kwali, ku ɗauke shi daga rana, ku kakkaɓe, kar ku sa kaset mai ƙura a bidiyo don zumuɗi. Ku zauna da baba ko inna su gaya muku bikin wa ne, wace shekara ce, su wa ke ciki, ku rubuta a jiki. Ku yi sauri tun masu iya gane fuskokin nan suna raye.